Sunayen da Aka Daina Ji a Rediyo: Tsufa da Tunawa da Abokan Zumunci

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-39, Romawa 16:1-16, Malakai 3:16-18

Gabatarwa

A ƙasar Hausa akwai wani irin zumunci da akwatin rediyo ya haifa, wanda yaran yau ba su san daɗinsa ba. Shi ne zumuncin masu sauraro da masu aika gaisuwa. Mutum yakan sayi katin gaisuwa, ko ya yagi takarda daga littafin rubutu, ya jera sunayen abokansa na kusa da na nesa, ya manna kan sarki, ya kai gidan waya. Daga nan sai ya yi makonni yana kasa kunne, har ranar da mai gabatar da shiri zai ambaci sunansa da sunan garinsu. Daga wannan sha'awa aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro a birane da ƙauyuka, Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum kuwa ba a bar su a baya ba.

Samarin wancan zamani yanzu sun yi furfura. Wanda yake da shekara 20 sa'ad da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 ya cika 80 a 2022. Wanda yake da 25 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 ya kai 70 tun 2021. In irin wannan dattijo ya ɗauko tsohon jerin sunayen da yakan aika wa gaisuwa, sau da yawa yakan tarar waɗanda suka rigaya sun fi waɗanda suka rage yawa. Wannan nauyi ne da dattawa da yawa ke ɗauke da shi cikin ikkilisiya ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Ya kamata a duba abin da Maganar Allah ke faɗa wa wanda ya rage, da kuma abin da take nema daga iyalin da ke zaune da shi.

Yadda zumuncin ya kafu

Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri daga Landan ranar 13 ga Maris, 1957, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, inda shirin Zaɓi Sonka ya yi suna wajen isar da gaisuwar masu sauraro. Muryar Jamus ta shigo da Hausa a shekarun 1960, Muryar Amurka kuma a 1979. Masu bi suna da nasu tashoshin da suke nema. Rediyon ELWA, wanda mishan na SIM ta buɗe a Manrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, ya yi shekaru yana kawo wa'azi da waƙoƙin sujada cikin Hausa, har yaƙin basasar ƙasar ya katse shi a 1990. Muryar Bishara kuwa a Jos ake shirya shirye-shiryenta, a watsa su daga tashar da Lutharan suka buɗe a Adis Ababa ta ƙasar Habasha a 1963, wadda gwamnatin soja ta ƙwace a 1977.

Dukan waɗannan muryoyi ta gajeren zango suke isowa. Hikimar abin ita ce, igiyar sautin takan tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da lantarki, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Yanayin wannan sashe yana sauyawa tsakanin rana da dare, shi ya sa tashar da ta fito tangaram da asuba takan ɓace da hantsi. Gwanin sauraro ya san mita 49 inda Kaduna take, ya san lokacin da zai koma mita 31 ko 25 ko 19. Ya san yadda ake ɗaura waya a kan bishiya don a ƙara wa eriya ƙarfi, ya kuma san dabarar shanya batir a rana don ya ƙara kwana ɗaya. Irin wannan sani ne ke tara mutane wuri ɗaya, mai akwati ya fito da shi ƙofar gida, maƙwabta su shimfiɗa tabarma.

Azare wuri ne da ya dace da irin wannan haɗuwa. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, nan ne kuma fadar Sarkin Katagum tun da aka ɗauke ta daga tsohon garin Katagum a zamanin Turawa. Aikin gwamnati da makarantu, da kwalejin horar da malamai, da asibiti da kasuwa sun jawo baƙi daga wurare dabam-dabam. Masu bi da yawa da suka zauna a garin aiki ne ya kawo su, daga Tafawa Balewa da Bogoro, daga ƙasar Tangale, daga Filato da kudancin ƙasa. Baƙon da ba shi da dangi a gari yana bukatar inda zai zauna da yamma. Majami'a ta ba shi 'yan'uwa ranar Lahadi, dandalin rediyo kuma ya ba shi abokan hira sauran kwanakin mako. A kan tabarma ɗaya ake samun malamin makaranta da tela, da ma'aikacin jinya da mai shago, Musulmi da Kirista. Ta hanyar gaisuwa kuma suka san sunayen mutanen Misau, Jama'are, Gamawa, Hadejia, Potiskum, har da na Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, waɗanda wasunsu ba su taɓa haɗa ido da su ba.

Abubuwa da yawa suka watsa wannan taro. Canjin wurin aiki ya ɗebi wasu. Ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 ya mai da ma'aikata da yawa gida. Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta rage wa wasiƙa daraja. Bama-baman da suka tashi a Azare a 2014 sun sa zaman dandali ya zama abin tsoro na wani lokaci. A 2020, lokacin annobar korona, an yi ta jin labarin rasuwar dattawa a Kano da Azare. Sama da duka akwai tsufa, wanda ba ya bukatar sanarwa kafin ya shigo gida.

Barzillai, dattijon da ya san shekarunsa

Littafin Sama'ila na biyu ya ba da labarin wani attajiri mai suna Barzillai, mutumin Rogelim ta ƙasar Gileyad. Sa'ad da sarki Dawuda yake gudun ɗansa Absalom, ya isa Mahanayim da jama'arsa a gajiye, Barzillai na cikin mutum uku da suka kawo musu shimfiɗa da hatsi da zuma da tumaki. Bayan tawayen ya ƙare, dattijon ya zo ya raka sarki zuwa bakin Urdun. Dawuda ya gayyace shi ya zo Urushalima ya ƙarasa kwanakinsa a fada. Barzillai ya yi godiya, amma ya ƙi. Dalilinsa shi ne ya cika shekara 80, harshensa ya daina rarrabe ɗanɗanon abinci, kunnensa kuma ya daina jin muryar mawaƙa. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa, a ɗauki Kimham a madadinsa.

Duk tsohon mai sauraron rediyo zai gane wannan magana. Kunnen da a dā yake tsinto muryar Adis Ababa cikin hayaniyar iska yanzu yana wahalar jin jikan da ke zaune kusa da shi. Idon da yake karanta ƙananan lambobin mita a hasken fitilar ƙwai yanzu yana neman wanda zai duba masa aya. Sura ta 12 ta Mai Hadishi ta zana wannan hali dalla-dalla, Zabura 90 kuma ta sa iyakar ran mutum a shekara saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wa kowa wahalar tsufa ba, bai kuma mai da ita abin kunya ba.

Akwai darasi biyu cikin halin Barzillai. Na farko, ya faɗi gaskiyar shekarunsa ba tare da gunaguni ba. Akwai dattawan da ke yaƙi da tsufa kamar abokin gāba, su ɓoye ciwo, su ƙi sanda, su yi fushi in an maimaita musu magana. Barzillai ya ƙidaya kwanakinsa, ya san abin da ya rage masa, ya zaɓi inda zai kashe shi. Na biyu, bai bar abotarsa da Dawuda ta mutu tare da shi ba, ya miƙa ta ga na baya. Dawuda kuwa bai manta ba. A wasiyyarsa ga Sulemanu, cikin 1 Sarakuna 2, ya umarta a riƙe 'ya'yan Barzillai da alheri, su riƙa cin abinci a teburin sarki. Abotar dattawa biyu ta zama gādon 'ya'yansu.

Baƙin cikin da ba a yi wa zaman makoki

In mutum ya rasa mata ko ɗa ko ɗan'uwa, jama'a sun san abin da za su yi. Za a cika gidan, zumuntar mata za ta ɗora tukunya, fasto zai zo da dattawa, ƙungiyar mawaƙa za ta kwana. Amma in abokin hirar shekara arba'in ne ya rasu, ba mai zuwa yi wa wanda ya rage ta'aziyya. Shi ma baƙo ne a gidan makokin, zai zauna a bayan dangi, ya yi gaisuwa ya tashi. In abokin na nesa ne, wataƙila sai bayan watanni labarin zai iso, an riga an share makoki. Wani ma ba ya samun labari ko kaɗan, sai dai ya lura an daina jin sunan. 'Ya'yansa za su ga Baba ya yi shiru kwana biyu, ya rage cin abinci, su ɗauka zazzaɓi ne.

Maganar Allah ba ta raina irin wannan rashi ba. Sura ta farko ta 2 Sama'ila ta nuna Dawuda yana makokin Jonatan a fili, ya tsara waƙar makoki, ya kuma umarta a koya wa mutanen Yahuza ita. Jonatan ɗan sarkin da ke farautar ran Dawuda ne, abin da ya ɗaure su tun farko kuwa ƙauna ce da alkawarin abota. Haka kuma a Yahaya 11, Ubangiji Yesu ya kira Li'azaru aboki, ya tsaya kusa da kabarinsa a Betanya ya yi hawaye, alhali ya san zai tashe shi a wannan rana. In Mai Ceto ya zub da hawaye saboda aboki, ba wanda ya isa ya ce wa dattijo mai bi kukansa rashin bangaskiya ne. Abin da manzo Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Bai hana su baƙin ciki ba.

Wani abu kuma ke ƙara wa wannan rashi zafi. Tsohon aboki shi ne mai shaidar ƙuruciyar mutum. Shi ya san shi tun yana da baƙin gashi, shi ke kiransa da laƙabin da ba mai amfani da shi yanzu, shi kaɗai ke dariya in an tuna ranar da batir ya mutu ana gab da karanta gaisuwarsu. In ya tafi, ya tafi da rabin labarin. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowace jana'izar tsara tana tuna wa dattijo cewa layin yana matsowa. Wannan tunani zai iya zama tsoro mai hana barci, zai kuma iya zama hikimar da Musa ya roƙa a Zabura 90. Bambancin yana ga inda mutum ya kafa begensa.

Gaisuwar Bulus ga Romawa

Masu karatu da yawa sukan tsallake sura ta 16 ta Romawa, don suna ganin jerin sunaye ne kawai. Tsohon mai aika gaisuwa ba zai tsallake ta ba, gama ya san irinta. Bayan sura goma sha biyar na koyarwa mai zurfi a kan zunubi da alheri da bangaskiya, Bulus ya rufe wasiƙarsa da gaishe da mutane fiye da ashirin, kowa da sunansa. Ya ambaci Bilkisu da Akila waɗanda suka sa ransu cikin hatsari dominsa. Ya ambaci wata Maryamu da ta yi wahala saboda ikkilisiya. Ya gai da Rufas da mahaifiyarsa, wadda ya ɗauka tamkar tasa uwar. Har magatakardan da ya rubuta wasiƙar ya saka tasa gaisuwar a ciki. Lokacin da aka rubuta ta kuwa Bulus bai taɓa taka birnin Roma ba.

Yawancin waɗannan mutane ba a san kome game da su ba in ban da wannan gaisuwa. Ba su bar littafi ko gini ba. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya ga ya dace sunayensu su zauna cikin Littafi, ana karanta su kusan shekara dubu biyu bayan mutuwarsu, cikin Hausa ma tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Wannan ya nuna cewa kiran mutum da sunansa, da tambayar lafiyarsa daga nesa, aiki ne mai daraja a gaban Allah. Dattijon da ya kashe kuɗin kan sarki shekara da shekaru don ya gai da wanda ba zai amfane shi da kome ba, bai ɓata lokacinsa ba. Ya koyi wani abu daga halin Makiyayi Mai Kyau, wanda Yahaya 10 ta ce yana kiran tumakinsa ɗaya-ɗaya da sunayensu.

Tunawa mai ƙafa da hannu

Zumunci a ƙafa yake, in ji masu iya magana. Tunawa da mamaci ma haka take. Sa'ad da Dawuda ya kahu a gadon sarauta, ya tambaya ko akwai wanda ya rage daga gidan Saul da zai yi wa alheri saboda Jonatan. Aka nuna masa Mefiboshet, gurgu, wanda yake ɗan shekara biyar lokacin da mahaifinsa ya mutu, yana zaune a Lodebar a gidan wani mai suna Makir. Dawuda ya aika aka kawo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ba shi wurin zama a teburinsa. Abin lura, wannan Makir da ya riƙe marayan Jonatan yana cikin mutum ukun nan da suka tarbi Dawuda da abinci a Mahanayim tare da Barzillai. Alheri gadon barci ne.

Saboda haka dattijon da ke kewar abokinsa yana da aikin da zai yi da wannan kewa. Abokin ya bar gwauruwa, wataƙila tana fama da bin haƙƙin fansho. Ya bar ɗa da ke neman mai ba shi shawara, ko jika da kuɗin makaranta ya gagara. Ko mutum ba shi da abin hannu, yana da abin da marayu ke ƙishirwa, wato labarin mahaifinsu sa'ad da yake saurayi. Ziyara ɗaya da za a zauna a gaya wa yaro irin kirkin ubansa ta fi dogon jawabi a ranar jana'iza.

A nan akwai tambayar da ke damun masu bi na Azare da makamantan garuruwa, wadda ba kasafai ake yinta a fili ba. Da yawa daga abokan tabarmar nan Musulmi ne. Sun ba da aron akwati, sun raka mara lafiya asibiti, wasu sun tsaya wa maƙwabcinsu Kirista a ranar tashin hankali. Yaya mai bi zai tuna da su? Littafi ya ba da misali. Ɗaya daga cikin masu taimakon Dawuda a Mahanayim, Shobi, Ba'ammone ne. A 2 Sama'ila 10 kuma Dawuda ya aika manzanni su yi wa sarkin Ammonawa ta'aziyyar mahaifinsa, saboda alherin da marigayin ya taɓa yi masa. An karɓi manzannin da wulaƙanci, amma niyyar Dawuda mai kyau ce. Mai bi ya je gaisuwar mutuwa, ya zauna da dangi cikin ladabi, ya faɗi alherin da ya sani game da marigayin, ya ci gaba da riƙe iyalinsa. Bangaskiyarsa cewa ceto ta wurin Almasihu yake ba ta ba shi kujerar alƙali ba. Shari'ar kowane rai tana hannun Mai Shari'ar dukan duniya, wanda Ibrahim ya amince ba zai yi rashin adalci ba. Abin da ke hannun mai bi shi ne abokan da suke da rai. Su ne zai ƙaunata, ya yi musu addu'a, ya kuma ba su dalilin begensa cikin tawali'u in sun tambaya, tun rana ba ta faɗi ba.

Iyakar tunawa

Kowane abu mai kyau yana da iyaka. Littafi Mai Tsarki ya yarda a tuna da matattu, amma ya hana a nemi magana da su. Maimaitawar Shari'a 18 ta haramta wannan sarai. Sarki Saul, da ya rasa Sama'ila ya kuma rasa amsa daga Ubangiji, ya tafi wurin wata mai sihiri a Endor da dare, abin da ya samo kuwa labarin hallakarsa ne. Dattijon da kewa ta dame shi, ko ya yi ta mafarkin abokin da ya rasu, kada ya kai maganar wurin boka ko mai duba. Ya kai ta wurin Ubangiji, ya kuma faɗa wa fastonsa.

Iyaka ta biyu ita ce kada jiya ta cinye yau. Mai Hadishi 7 ya gargaɗi mai yawan cewa kwanakin dā sun fi na yanzu. Gaskiya ne akwai daɗin da ya wuce, amma zamanin gajeren zango ma yana da nasa yunwa da yaƙi da cututtuka. Wanda ya rufe ƙofa ya zauna da matattu kaɗai yana hana masu rai rabonsu. Luka 2 ta nuna annabiya Hannatu, tsohuwa tukuf, gwauruwa tun tana da ƙuruciya. Ta rasa mijinta da tsararrakinta, duk da haka tana Haikali dare da rana, ita ce kuma ta ba masu sauraron fansa labarin jaririn da aka kawo. Mai Zabura 71 ma roƙonsa shi ne Allah ya bar shi da rai har ya sanar da tsara mai zuwa ikonsa. Muddin numfashi yana nan, akwai saƙon da ya rage a isar.

Abin da ya rataya a wuyan iyali da ikkilisiya

'Ya'ya da jikoki su fara da sauraro. In Baba ko Kaka ya ɗauko labarin da aka ji sau goma, a ajiye waya a saurara na goma sha ɗaya, a tambayi sunayen mutanen da garuruwansu. A samo littafi a rubuta su, ko a ɗauki muryarsa a waya. Tsofaffin wasiƙu da hotuna da katunan da ke cikin akwati kada a zubar da su da sunan shara.

Sai a taimaka masa ya nemo waɗanda suka rage. Wayar da ta kashe wasiƙa tana iya haɗa abokan da suka rabu shekara talatin. Matashi ɗaya mai haƙuri zai iya samo lambar ɗan wani tsohon aboki a Kaltungo ko Hadejia cikin 'yan kwanaki. In labarin rasuwa ya zo, a ɗauke shi da muhimmanci, a yi wa dattijon gaisuwa kamar yadda ake yi wa dangi, a nemi mota a raka shi in da hali.

A kula da jikinsa kuma. Raunin ji na tsufa yakan fara da siraran sautuka, shi ya sa tsoho ke jin ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa, musamman cikin hayaniya. Wanda ba ya ji sosai yakan janye daga taro don kunya, kaɗaici kuma ya ƙaru. A fuskance shi in ana magana, a yi ta a hankali ba da tsawa ba, a kai shi asibiti a duba kunnen. Yanar ido, wadda ke rufe wa tsofaffi da yawa gani, ana cire ta da aikin tiyata. Kada a ce tsufa ne kawai a zauna.

Ikkilisiya kuma ta tuna cewa Yakubu ya sa ziyarar marayu da gwauraye cikin ma'aunin addini na gaskiya. Zumuntar maza da ta mata su san dattawan da suka daina zuwa sujada, su san dalili. A ba su wurin zama kusa da gaba inda za su ji. A ba su dama su yi wa matasa magana. Kowace ikkilisiya tana da Barzillai, tana kuma da Kimham, aikin shugabanni ne su haɗa su.

Kammalawa

A kwanakin annabi Malakai mutane da yawa sun ce bauta wa Allah aikin banza ne. Amma akwai kaɗan masu tsoron Ubangiji da suka riƙa taruwa suna magana da juna. Annabin ya ce Ubangiji ya kasa kunne ya ji su, aka kuma rubuta littafin tunawa a gabansa saboda su. Ashe akwai Mai Sauraro wanda tasharsa ba ta ɓacewa da hantsi, wanda tsufa ba ya taɓa kunnensa. Gidajen rediyon duniya sukan rufe, masu gabatarwa sukan mutu, takardun gaisuwa gara takan cinye su. Sunan da aka rubuta a Littafin Rai na Ɗan Rago yana nan. Shi ya sa Yesu ya gaya wa almajiransa, a Luka 10, cewa babban dalilin murnarsu shi ne an rubuta sunayensu a sama.

Wannan shi ne begen dattijo mai bi. Abokansa da suka yi barci cikin Almasihu ba su ɓata ba. Sura ta 4 ta 1 Tasalonikawa ta tabbatar cewa a ranar komowar Ubangiji za a ji kira mai ƙarfi, matattu cikin Almasihu za su fara tashi, sa'an nan a haɗa su da masu rai, su zauna tare da shi har abada. Muryar da ta kira Li'azaru da sunansa bayan kwana huɗu a kabari za ta kira kowane nata. Tambayar da ta rage ga mai karatu, tsoho ko yaro, ita ce ko sunansa yana cikin wannan littafi. Ƙofar tana buɗe yau ga duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya.

Ubangiji, wanda ya yi alkawari ta bakin Ishaya zai ɗauki mutanensa har zuwa furfura, ya ta'azantar da dattawan da suka rage su kaɗai cikin tsararrakinsu. Ya ba 'ya'yansu kunnen sauraro da ƙafar zumunci. Ya ba Azare da dukan ƙasar Katagum salama. Amin.